Baiwar da ta zame mini bashi

Ina da shekara tara aka fara ce mini mai baiwa. A lokacin na ɗauka yabo ne kawai irin wanda manya ke yi wa yara. Sai da na kusa shekara talatin na gane cewa tun daga ranar na daina buga sinuka, wasan jefa ƙwallaye rami da sanda a kan tebur, don daɗinta, na koma buga ta don kada in ba wa mutane kunya.

A wani gari da ke arewacin Ingila na tashi. Mahaifina direban bas ne. Wata Asabar ya tafi da ni wurin abokin aikinsa a wani kulob ɗin sinuka da ke saman bene, wuri mai duhu, ba haske sai na fitilun da ke rataye a kan tebura. Teburin ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ni kuwa haɓata ce kawai ta wuce gefensa. Tsohon da ke kula da wurin ya jawo wani akwati ya ce in taka, ya miƙo mini gajeriyar sanda, ya goga mata alli. Na buga ja ta faɗa rami. Na sake bugawa, wata ta faɗa. Tsohon ya ajiye burushin da yake share tebur da shi, ya tsaya yana kallona. Da za mu tafi ya riƙe hannun Baba ya ce masa, "Wannan yaron naka yana ganin abin da ba a koya wa mutum. Ka dawo da shi." Har yau ina tuna fuskar Baba a kan matakalar benen nan. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin cikin ba.

Ga wanda bai san wasan ba, jajayen ƙwallaye 15 ne, kowace maki ɗaya. In ka jefa ja, sai ka zaɓi mai launi, daga rawaya mai maki 2 har zuwa baƙa mai maki 7. Muddin kana jefawa teburin naka ne, da ka kuskure ya koma hannun abokin karawarka. Wanda ya haɗa kowace ja da baƙa sannan ya share masu launin nan shida, ya yi 147, ƙololuwar abin da ake nema. Ina da shekara 12 na fara yin maki ɗari a jere ba tare da na kuskure ba. Tsohon ya rubuta a allon kulob, Baba ya kwana yana buga wa 'yan uwa waya. Washegari wani ya ce mini, "Ai Ronnie O'Sullivan yana da shekara 10 ya yi nasa." Gaskiya ya faɗa. Duk yaron da ya tashi da hannu a Birtaniya da wannan mutumin ake auna shi: ya ci gasar UK yana ɗan shekara 17 a 1993, ya yi 147 cikin minti biyar da 'yan daƙiƙu a 1997. Na kalli hoton bidiyon wannan bugun sau ba adadi, kuma kowane kallo sai in ji kamar na makara.

Daga nan gidanmu ya koma juyawa a kaina. Baba ya ƙara karɓar aikin dare. Kuɗin hayar tebur, kuɗin mai zuwa gasannin yara, ɗakin kwana in wurin da nisa, sabuwar sanda da na yi tsawo, falmaran da ɗan ɗaurin wuyan da dole sai da su ake shiga gasa. Umma ta daina maganar zuwa ganin iyayenta. Yayata ta bar darasin da take zuwa da yamma, ba wanda ya ce mata ta bari, ita ta duba ta ga halin da ake ciki. Babu wanda ya taɓa yi mini gori ko sau ɗaya. Amma wata rana, ina da shekara 15, ina neman makullin mota a aljihun rigar aikin Baba, sai na ci karo da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Na buɗe. Kowane shafi kwanan wata ne da adadin fam, da rubutunsa ƙanana: tebur, mai, otal, alli, gyaran kan sanda. Shafi bayan shafi, shekara shida. Na mayar da shi yadda na same shi, ban faɗa wa kowa ba. Amma daga ranar duk lokacin da na sunkuya a kan tebur, littafin nan yana tare da ni.

A watan Janairun 2007 mun taru a kulob muna kallon wasan ƙarshe na gasar Masters. Ding Junhui na ƙasar Sin, ɗan shekara 19, wanda ƙasarsa gaba ɗaya ta zuba wa ido tun da ya ci gasar China Open a 2005, yana karawa da O'Sullivan a Landan. Aka yi masa nisa, 'yan kallo suka yi masa caa, ya tashi da hawaye ya miƙa hannu tun wasan bai ƙare ba. O'Sullivan ya dafa shi ya lallashe shi, aka tashi 10 da 3. Manyan da ke kewaye da ni suka yi ta cewa yaron ba shi da zuciya. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Namu ba zai yi haka ba." Na gyaɗa kai. Abin da na koya a daren nan shi ne, duk abin da ke cikinka, kada ka bari a gani.

Na bar makaranta ina da shekara 16. Kullum awa shida, wani lokaci bakwai, ni kaɗai a kan tebur. In jera jajaye a tsakiya in share, in sake jerawa. Baƙa daga mazauninta sau ɗari. Wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin wani ɓangare na tafiye-tafiyena, aka ɗinka sunan kamfaninsa a ƙirjin falmaran ɗina. Mutumin kirki ne, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan kowace gasa sai na kira shi na yi bayani. Bashi ya zama biyu.

Sai a gwaji na uku na samu katin ƙwararru ta gasar Q School, wadda aka fara a 2011 domin masu neman shiga sahun manya. Katin na shekara biyu ne. Ranar Baba ya yi sujada a tsakar falo, Umma ta yi ta kuka. Ni kuwa abin da na ji ba murna ba ce. Sauƙi na ji, irin na wanda aka ɗaga wa ranar biyan bashi.

Mutane suna ganin ƙwararru a talabijin, fitilu da tafi, suna jin cewa zakaran duniya na 2025 ya tafi da fam 500,000. Rayuwar na ƙasa daban take. Mu 128 ne a jerin, kuma in wa'adin katinka ya cika ba ka cikin 64 na sama, mafi yawanci sai ka koma neman shiga daga farko. Matsayinka da kuɗin da ka ci a gasanni ake lissafa shi. A zamanina, wanda aka cire a zagayen farko a yawancin gasanni ko fam ɗaya ba ya samu, alhali ya biya mai, ya biya otal. Wasannin share fage kuma ba a gaban dubban mutane ake yin su ba. Wani katon zaure ne aka yayyanka da allunan katako, kowane tebur a lungunsa, daga kai sai abokin karawarka sai alƙalin wasa da farar safar hannu, sai wasu mutum huɗu ko biyar a kan kujerun roba. Kowa a zauren nan an taɓa ce masa mai baiwa. Kowa shi ne gwanin garinsu. Nan na gane cewa abin da aka gina rayuwar gidanmu a kai, a nan kowa yana da shi.

Sai kujera. Ita ce abin da ban taɓa iya bayyana wa kowa ba a lokacin. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya yi kuskure zai ruga ya nemi gyarawa, ɗan dambe zai kai naushi. Kai kuwa in ka kuskure a sinuka, sai ka taka ka koma kujerar da ke gefen tebur ka zauna. Ga kofin ruwa, ga ɗan tawul, sandarka a tsakanin gwiwoyinka. Ba ka da ikon yin komai. Ba ka magana, ba ka motsi mai ƙarfi, fuskarka ma ba a so ta nuna komai. Kana zaune kana kallon wani yana cinye ƙwallayen da kai ka buɗe masa, kana jin alƙali yana ƙirga masa maki da murya ɗaya: takwas, tara, sha shida, sha bakwai. Yana iya ɗaukar minti goma, yana iya cinye zubi biyu ko uku a jere (zubi shi ne daga jera ƙwallaye har a san wanda ya fi maki) kai ba ka jefa ko ɗaya ba. A wannan zaman ne komai ke zuwa. Sai in ga Baba a cikin bas da ƙarfe biyun dare. In ga yayata. In ga shafukan littafin nan. In lissafa kuɗin otal ɗin da zan kwana. Kafin teburin ya dawo hannuna, tafina ya jiƙe, sanda ta yi nauyi kamar an canza mini ita.

Wasan da ya karya ni ba wani babba ba ne. Wanda ya fara cin zubi huɗu shi ya yi nasara, ina da uku, shi ba ko ɗaya. A zubi na huɗu ina gaba, baƙa na kan mazauninta, bugun da na yi dubbai a kulob, wanda ko cikin barci aka tashe ni zan jefa. Na sunkuya, sai wata murya a kaina ta ce, in ka jefa wannan ka biya watan nan. Baƙa ta daki bakin rami, ta yi rawa, ta tsaya. Na koma kujera. Aka tashi 4 da 3, shi ke da huɗun. Na miƙa masa hannu na yi masa fatan alheri kamar yadda aka saba, na naɗe sandata cikin akwatinta, na shiga mota. A hanya na ratse wani wurin hutawar matafiya, na kashe mota, na kashe waya. A nan gari ya waye mini, ina sanye da falmaran. Da na isa gida na ce wa Baba cajin waya ne ya ƙare.

Bayan wannan hannuna ya fara ƙin bin umarnina. In ja sanda baya, lokacin sakinta ya yi, sai hannun ya ƙage, ko ya fizge. Ba ciwo nake ji ba, an duba ba a ga komai ba. 'Yan wasa sun san wannan larurar, suna tsoron ko ambatonta. Stephen Hendry, da ya ci gasar duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999, ya faɗa da bakinsa cewa ta addabe shi shekaru, kuma ya ajiye sanda a 2012 a gasar da ya yi 147 a zagayen farko. Ni maganin da na sani ɗaya ne, ƙarin atisaye. Na mayar da awa bakwai tara. Abin ya ƙara lalacewa.

Barci ya ƙaurace mini. Safiyar wasa sai na yi amai kafin in iya saka riga. Na fara addu'ar a haɗa ni da babban ɗan wasa tun a zagayen farko, don in an cire ni a ce ai wane ne. Sallah ma ina yi ne, amma zuciyata na kan tebur. In Umma ta ce, "Lafiyarka kuwa? Ka rame," sai in ce gajiya ce. An san ni da zurfin ciki tun ina yaro, a gida ana ɗaukar hakan nutsuwa, a kulob ana cewa halin zakaru ne. Har ta kai ina kwanciya ina jin da ace ba zan farka ba da ya fi mini sauƙi. Na rubuta wannan ne da gangan, domin na san akwai mai karantawa da ya san wannan tunanin kuma bai taɓa furta shi ba.

Yayata ce ta gane. Ta same ni a mota a ƙofar gida, na fi awa ɗaya ban fito ba. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna, ba ta tambaye ni sakamakon wasa ba. A iya tunawata ita ce ta farko cikin shekaru da ta zauna kusa da ni ba ta fara da wannan tambayar ba. Ta ce, "Ƙanena, ba za mu shiga ba sai ka faɗa mini." Na buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Washegari ita ta tuƙa ni zuwa wurin likita. Aka ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka ɗora ni a kan magani, aka haɗa ni da mai sauraron masu irin larurata. Watanni na yi kafin in iya faɗa masa maganar littafin.

Katina ya ƙare ina can ƙasa da 64. Ina da damar komawa in sake nema, mai ɗaukar nauyina ma ya ce zai biya. Na yi kwanaki ina juya abin. Wata zuciyar ta ce saura ƙiris, wata ta ce in ka koma yanzu ba za ka fito da ranka ba. Na zaɓi in tsaya, kuma abin da ya fi mini wuya shi ne faɗa wa Baba.

Na same shi bayan sallar isha. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini. Ba zan iya ci gaba ba. Na san abin da kuka kashe, na ga littafin, zan yi aiki in biya ko shekara nawa zai ɗauka." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tashi ya ɗauko littafin, ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaushe ka gani?" Na faɗa masa. Ya lissafa shekarun da yatsunsa, sai na ga hannun yana rawa. Ya ce, "Ina rubutawa ne don in san kwana nawa zan nemi aikin dare a wata. Shi ke nan. Wa ya ce maka uba yana bin ɗansa bashi?" Ya ce da ya san na buɗe shi da ya ƙona shi tun ranar. Mun yi kusan shekara goma a gida ɗaya, kowa yana ɗauke da abu don ɗan uwansa, ba wanda ya tambayi wani.

Na sami aiki a wani rumbun ajiyar kaya, daga baya na koma tuƙin kai saƙo. Sandata ta shekara huɗu a ƙarƙashin gado. Ko a talabijin aka sa wasan sai in fita daga ɗakin. A kan titi nakan haɗu da mutanen kulob, su girgiza kai su ce an yi asarar hannu. Wannan maganar tana yi mini ciwo har yau, kuma ba don kaina kaɗai ba. Jimmy White ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya sau shida, a 1984 sannan biyar a jere daga 1990 zuwa 1994, na ƙarshen ya kuskure baƙa daga mazauninta a zubin raba gardama, Hendry ya ci 18 da 17. Mutum nawa ne a duniya suka taɓa zuwa wurin ko sau ɗaya? Amma da an ambace shi sai a ce wanda bai taɓa ci ba. A ganina wannan zalunci ne, kuma yara masu tasowa suna ji, suna ɗauka.

A watan Janairun 2022 Mark Selby ya fito fili ya ce yana fama da ciwon damuwa, kuma ya daɗe yana ɓoyewa. A lokacin shi ke riƙe da kambun duniya, karo na huɗu. Na karanta a waya ina zaune cikin motar aiki, na kasa tayar da ita. Duk shekarun nan, ko bayan na fara samun sauƙi, akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa da baƙar nan ta faɗa, da na haye, da ban shiga wannan halin ba. Ga mutumin da ya jefa duk baƙaƙen da ni na kuskure, ciwon bai ƙyale shi ba. O'Sullivan ɗin da aka yi ta auna ni da shi ma, a 2006 ya miƙa wa Hendry hannu a tsakiyar wasa a birnin York ya fice, kuma daga 2011 ya fara aiki da likitan ƙwaƙwalwa Steve Peters. Ba wanda ya taɓa ba ni wannan ɓangaren na labarinsa ina yaro. Minti biyar ɗin kawai aka nuna mini.

A shekarar 2022 ɗin ne aka fara ba wa kowane mai kati tabbacin samun aƙalla fam 20,000 a kakar wasa. Na yi murna da haka ƙwarai. Ba zai sa kowa ya yi arziki ba bayan an cire kuɗin tafiye-tafiye, amma yaro zai iya zama a kujerar nan ba tare da yana lissafin otal ba.

Yanzu ina koyar da yara sinuka yamma biyu a mako. Har yau ina ganin likitana lokaci-lokaci. In wani uba ya ja ni gefe ya ce, "Yaya kake gani, zai kai?" sai in ce masa ban sani ba, kuma kada ya yi wannan tambayar a inda yaron zai ji. Wasu ba sa jin daɗin amsar. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma da ke ganin kusurwa fiye da yadda nake gani a shekarunta. Ban faɗa mata ba. Ina dai tambayarta ko ta ji daɗin wasan yau, in ta ce a'a mu ajiye sanda.

Bara na sayi tikiti biyu na kai Baba zauren Crucible da ke Shefild, inda ake gasar duniya tun 1977. Shi ne wurin da muka yi shekaru muna ambato a gidanmu, ban taɓa taka shi ba sai ranar. Kujerun 'yan kallo ba su kai dubu ba, kuma a zagayen farko tebur biyu ake sawa da katanga a tsakani, kusancin har kana jin ƙarar alli a kan sanda. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya kama tebur yana ta jefawa, kowa ya zuba masa ido. Can na waiga sai na ga Baba ba shi yake kallo ba. Ɗayan yake kallo, wanda ke zaune a kujera da sanda tsakanin gwiwoyinsa, yana ta murza tawul a hannu, idonsa a ƙasa. Baba ya matso kusa da kunnena ya ce a hankali, "Haka kake zama?" Na ce, "Haka, Baba." Ya ɗora hannunsa a kan gwiwata, bai ɗauke ba har aka ƙare zubin.